Filan na Rani da na Damina

A duk shekarun da na yi ina malamin gona, ranar da ta ƙi fita raina ita ce Larabar da shugabanmu ya je ƙauyen Danwarai ganin filan. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan kuna jin tsofaffin ofis suna ce mini Malam Filan. To, ga asalin sunan.

Lokacin ina Aliero, ina kula da ƙungiyoyin manoman albasa. Aikin malamin gona shi ne kai saƙon ofis wurin manomi, ya dawo da amsa. Sama da ni akwai shugaban shiyya da ke Jega, Alhaji Sani, mutum mai tsafta da son takarda. Bai daɗe da dawowa daga kwas ba, kuma babbar tsarabar da ya zo da ita kalmar Turanci ce guda ɗaya: filan, wato tsara abu tun kafin lokacinsa. Ko tayar mota za a canza, sai ya tambayi filan. Mu ma bakinmu ya kama, har muka manta akwai wanda bai taɓa jin ta ba.

Bayan girbin gero aka aiko da injinan ban ruwa, ba su da yawa. Ƙa'ida ita ce sai ƙungiya ta nuna filan ɗinta na shekara kafin a ba ta. Alhaji Sani ya kira ni ofis ya ce, "Umaru, Laraba zan je Danwarai da kaina. In ban ga filan ba, garin Kimba za a kai injinan, kai kuma ka jira takardar tuhuma."

Ranar Litinin ce, babur ɗina kuma yana wurin bakanike. Sai na kira shugaban ƙungiyar, Sarkin Noma Garba, a waya. Layin yana ta yankewa.

Na ce, "Sarkin Noma, jibi shugaba na tafe. Ku tanadi filan naku, shi yake son gani."

Ya ce, "Hilan namu? Duka?"

"Duka. Na rani da na damina. Har da na dogon zango in da hali."

"Malam, na dogon zangon nan da wuya a same su cikin kwana biyu."

"Ku yi ƙoƙari. In babu, babu inji."

Ya ce, "To, Allah shi kai mu." Na kashe waya ina yaba wa kaina.

Laraba da hantsi muka isa a motar ofis. Tun daga nesa na hango shanu sun cika bayan gari. A gindin tsamiyar da muke taro kuwa ga mutane maƙil, masu malfuna da sanduna, ga mata da ƙoren nono. Alhaji Sani ya ce, "Yau kasuwa ke ci a nan?" Na ce ban sani ba.

Aka gaisa, aka yi addu'a. Alhaji ya buɗe jakarsa ya ce, "Sarkin Noma, ina filan?"

Sarkin Noma ya miƙe ya gyara riga. "Ranka shi daɗe, ga su nan. Waɗanga na dama su na na damina, tare muke zaune shekara da shekaru. Na hagu na rani na, jiya munka tarbo su. Na dogon zango mun aika musu Maiyama, suna bisa hanya."

Sai a lokacin na gane. A bakinmu na nan Filani Hillani muke cewa. Ni ina faɗin filan, shi Filani yake ji.

Alhaji ya cire tabarau ya dube ni. Shugaban makiyayan, wani dattijo Ardo Bello, ya ce, "An ce gomnati na son ganinmu duka. Mun hana shanu kiwo tun sahe. Mi munka yi?"

Na tashi na bayyana abin da kalmar take nufi. Wata mai nono ce ta fara sheƙewa da dariya, sai wurin ya ɗauka. Sarkin Noma ya tafa hannu ya ce, "Haba Malam! Shiri kake nuhi? Ai sai ka ce shiri!"

Ya zauna ya fara jerowa da ka: yaushe za a yafa iri, yaushe dashe, kwana nawa tsakanin ruwa da ruwa, gonar wa za a fara bai wa, yaushe cira, albasar da za ta kasuwa da wadda za ta rudu, wato rumbun karan da ake ajiye albasa. Ni kuwa ina rubutawa a bayan fayil kamar hannuna zai tsinke.

Alhaji ya ɗan sassauto. Ya fito da zanen da aka yi a ofis, ya nuna gefen tafki na gabas, inda za a kafa injina a buɗe sababbin gonaki. Ardo ya sa aka karanta masa, ya girgiza kai. "Nan mashayarmu ta. In kun dasa albasa nan, ku sani saniya ba ta karatun takarda." Nan take aka mayar da wurin yamma, aka bar wa shanu hanya, aka kuma yarda bayan cira su kwana a gonakin su bar taki.

A mota, da muka kusa Aliero, Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce, "Ka buga wannan a na'ura ka kawo mini gobe. Kada ka sa yadda aka same shi." Danwarai ta samu injinanta, ni kuma takardar tuhuma ba ta zo ba. Abin da ya zo dattawa uku ne na dogon zango, ranar Juma'a, har ƙofar gidana, suna neman gwamnatin da ke son ganinsu. Na ba su tuwo, na ba su haƙuri.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, manomi yana da shirinsa tun kafin mu sauka daga mota, kalmarmu ce kawai ba shi da ita. Ku yi masa magana da bakin da yake sayar da albasarsa. Kuma duk wanda ya ce muku "to" a waya, kada ku kashe sai ya faɗa muku abin da ya ji.