Malam Dattijo, Mai Tambayar Wa Ba Ya Iya Gudu

Shekara ashirin da bakwai ke nan, da an idar da sallar asuba Malam Dattijo zai hau kekensa ya bi bakin kanal, wato hanyar ruwan noman rani, doguwar gorarsa ɗaure a baya. Aikin da aka ɗauke shi dominsa guda ne: ya buɗe ƙofar ruwa ya rufe, gonakinmu da ke tsakanin Kura da Bunkure su samu rabonsu. A ƙarshen watan nan zai ajiye wannan aiki. Amma akwai wani aikin da babu wanda ya sa shi, kuma a kansa nake so in yi magana.

Kowace shekara kafin ruwan farko, yakan bi ƙauyenmu gida-gida. Ya duƙa ya dubi gindin katanga, ya dubi inda ruwa zai shiga da inda zai fita, ya soka gorarsa a magudana ya ga yawan laka da ta taru. Sannan ya yi wa maigida tambayar da ba ma son ji: wa ba ya iya gudu a gidan nan?

Gidana yana can ƙasan unguwa, dab da babbar magudanar da ke kwashe rarar ruwan gonaki. 'Yata Mubina kuma shan inna ya taɓa mata ƙafafu biyu tun tana ƙarama. Duk damina ina noma ne hankalina yana gida. Shekara uku da suka wuce ya tsaya a zaurena ya ce, "Mudassiru, in ruwa ya shigo kana gona, wa zai ɗauki yarinyar nan?"

"Allah zai kiyaye, Baba."

"Zai kiyaye. Da hannun wa?"

 Ya miƙe ya kirawo maƙwabcina Lukmanu, mai amalanken shanu, ya ce masa daga yau Mubina amanarsa ce. In ruwa ya kai dutsen bakin masallaci, kada ya nemi kowa, kada ya tsaya kwasar buhu, ya ɗauke ta da uwarta ya kai su firamare, kan tudu.

Lukmanu ya yi dariya. "To Baba, shanun ma sai ka faɗa musu."

"Su ba na shakkarsu. Kai ne in ka zauna wurin mai shayi sai an ja ka da igiya."

Haka ya yi wa kowane tsoho da makaho da mai tsohon ciki a unguwar. Kowa ya haɗa shi da mutum ɗaya, da sunansa, a gaban shaidu.

Akwai abin da nake jin kunyar faɗa, amma in na ɓoye ban yi masa adalci ba. Mu manoman rani muna da wata ɗabi'a. In ruwa ya yi ƙaranci, sai mu jera buhunan ƙasa mu tare magudana, ruwa ya taru mu ja wa tumatir. In damina ta kusa sai mu cire na sama, mu bar na ƙasa cikin laka, don baɗi kada mu sake wahala. Ido ba ya ganinsu. A shekarar ni ma na bar layi biyu. Malam Dattijo ya zo yana soka gora, yana tafiya, yana sokawa, sai ya tsaya daidai gonata.

"Wannan laka tana da taurin kai, Mudassiru. Kamar an ɗinke ta da zare."

Na ce ai kowa yana yi.

"Kowa yana yi. Amma in ruwa ya rasa hanya ya komo, gidan wa zai fara sallama?"

Bai kai ni gaban mai unguwa ba. Ya tuɓe riga ya shiga, mutum mai furfura, muka yini muna fitar da buhuna. Kashegari mutum tara suka fito da fartanya ba tare da an kira sunansu ba.

A watan Agustan shekarar, wata Laraba, aka fara ruwa tun hantsi. Ina Garun Mallam neman taki. Kafin la'asar hanya ta yanke, waya ba ta shiga. Na tsaya a ƙarƙashin rumfar wani mai faci ina kallon ruwa, ban san me nake karantawa a bakina ba. Da na samu na ƙarasa, na tarar ruwa a tsakar gidana har gwiwa, ɗakin girki ya zube, babu kowa. A firamare na same su. Mubina tana zaune a kan benci cikin zanen uwarta, tana yi wa Lukmanu tsiya wai shanunsa sun fi shi natsuwa. Mutum goma sha ɗaya aka kai tudun nan ranar, ba a rasa ko ɗaya ba. Magudana ta ja ruwan cikin kwana biyu. Da buhunana suna ciki, ban san inda zai tsaya ba, kuma ba na son in sani.

Baba Dattijo, kai ne ka ƙidaya raunananmu tun rana tana haske. Kai ne ka ga laifina ka shiga laka tare da ni maimakon ka tozarta ni. Ba a taɓa kiranka taro an ba ka takardar yabo ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar gwiwoyin da ruwan kanal ya cinye.

Ina roƙon 'yan'uwana na sauran ƙauyuka, kada ku jira sai an turo muku wani daga birni. Ku zaga unguwa kafin hadari ya taso, ku yi wannan tambaya, ku cire buhunanku har na ƙasa.

Makon jiya na je gaishe shi, na faɗa masa damuwata: in ya zauna a gida, wa zai riƙa tunawa da Mubina?

Ya ce, "Lukmanu yana nan. Kai ne ba ka da kowa a wuyanka. Iya Umma ta bayan gidanku idonta ya tafi bana, ɗanta kuma yana Kumbotso."

Daga wurinsa ban wuce gida ba. Na je na yi sallama, na durƙusa na faɗa mata sunana, na ce in ruwa ya zo ni ne zan ɗauke ta.