Ranar da Na Zuba Garwashi a Hasumiyar Bayahude

Shekarun baya can, Nasara bai daɗe da shigowa ba, wani Bayahude mutumin Tarabulus ya sauka gidanmu a Kurfi yana sayen fatu. Mahaifina mai saukar da fatake ne, kuma ba abin da yake tsoro kamar a ce kayan baƙo sun taɓu a gidansa.

Cikin kayan mutumin akwai wata 'yar hasumiya ta azurfa, tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba. Tana da ƙofa kamar farcen yatsa, da tagogi, da 'yan ƙararrawa, da tuta a ƙoli mai juyawa in ka hura. Wallahi har yau ban ga aikin maƙeri irin wannan ba. Ni kuwa da karatuna bai kai izu biyu ba, kallo ɗaya na yi mata na yanke hukunci: kaskon turare ne.

Ran Asabar, ranar hutunsu, baƙon ba ya ciniki, ba ya taɓa wuta. Wata Asabar yana barcin rana na sulale da ita, na zuba mata garwashi, na kifa rigata a kai, don washegari zan je zance Dutsin-Ma. Riga dai ta yi ƙamshi. Azurfa ta koma baƙa ƙirin, kanumfarin da ke ciki ya zama toka.

Na ruga wurin mahaifiyata.

"Kai, ɗan nan, ka kashe mu! Da gemunka?"

Muka dirje ta da toka da tsamiya har yatsuna suka saluɓe, ta cika ta da kanumfarin furarta, na mayar da ita inda take.

Bayan magariba, da taurari uku suka fito, alamar ranar hutunsa ta ƙare, baƙon ya kunna kyandir ya yi addu'arsa, mahaifina na gefe. Ya buɗe 'yar ƙofar ya shaƙa. Sai ya juya ta, ya sake juya ta.

"Lafiya dai?" in ji mahaifina.

"Lafiya lau, maigida."

Ya miƙo mini ita, ya sassauta murya. "Samari, ba a sa mata wuta. Ta kakana ce. Ranar hutu baƙuwa ce a wurinmu. In za ta tafi rai kan yi kewa, sai mu lallashe shi da ƙamshi. Shaƙa."

Na shaƙa, 'yan ƙararrawar na kaɗawa.

Ni da na ɗauka don 'yan mata aka halicci ƙamshi, ashe akwai masu gina wa kewa hasumiya. Yarinyar Dutsin-Ma ma ba ta aure ni ba. Mahaifina ya rasu bai sani ba. Amma har gobe in kanumfari ya bugi hancina ran Asabar, sai na ɗaga kai ina neman taurari uku.