Ranar da Aka Gwada Hannuna a Utai

Kano zuwa Wudil

Ƙarfe shida saura kwata na bar gida, ana fitowa daga sallar Asuba. Ni nas ce, amma na daɗe da barin ɗakin majinyata na koma koyarwa, har na yi digirin digirgir. Bana aka ce masu irin takardata sai an gwada hannunsu a kan majinyaci, ni kuma aka tura ni wani ƙaramin asibiti a Utai. A Unguwa Uku na shiga mota. Sau biyu aka tsayar da mu a shingen bincike, bakwai da kwata muka haye gadar Wudil. Na karya da ƙosai da koko a bakin tasha, hankalina kwance.

Wudil zuwa Utai

Wani dattijo mai adaidaita ne ya ɗauke ni. Da ya ga farar rigata ya ce, "Hajiya likita ce?"

Na ce, "Baba, mu ke koyar da masu jinyar."

"To, yau mutanen Utai sun yi sa'a."

A asibitin

Takwas daidai na shiga, na yi turus. Wadda za ta gwada ni Sista Rifkatu ce, ɗalibata ta shekarun baya. Ta durƙusa ta ce, "Malama, ke ce? Ni zan duba ki?"

Ba mu gama gaisawa ba wata mata ta faɗo da 'yarta 'yar shekara uku. Amai da gudawa sun zuƙe ta, idanu sun faɗa. Rifkatu ta miƙo mini allurar ƙarin ruwa. Na soka, ban sami jijiya ba. Na sake, nan ma babu. Ni da na koya wa ɗalibai wannan aiki a allo ba adadi!

Uwar ta riƙe hannuna. "Baiwar Allah, in ba ki iya ba, ki ba Sista. Ita kaɗai gare ni."

Na matsa. Rifkatu ta shafa bayan hannun yarinyar, sau ɗaya ta soka, ruwa ya fara sauka. Kafin azahar yarinyar ta buɗe ido tana neman uwarta.

A ofis Rifkatu ta riƙe biro ta kasa rubutu. "Malama, me zan sa?"

"Abin da kika gani."

Ta rubuta, hawaye na zubo mata. Na ce, "Duk Asabar zan riƙa zuwa. Za ki koya mini?" Ta gyaɗa kai.

Komawa gida

Ana kiran La'asar na shiga gida. Maigidana ya ce, "Dakta, an ci?"

Na ce, "Na faɗi, amma yarinyar ta rayu."

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Rifkatu, da wannan uwa da ta tsayar da ni kafin in soka na uku.