Takabar Yaya

Yaya ta dawo gida a shekarar da katafiloli suka iso bayan garinmu suna haƙa kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Motar itace ce ta sauke ta a bakin titi, da akwatin ƙarfe ɗaya da buta. Shekara goma sha huɗu rabonmu da ita. Mijinta na fari falke ne, shi ya tafi da ita wata ƙasa mai nisa, ya rasu a can, daga nan labarinta ya yanke. Sau ɗaya tak a duk shekarun nan wani direba ya kawo min huhun goro, ya ce daga yayarka, ya ja motarsa ko ruwa bai sha ba. Na ɗauka tsaraba ce, na raba a ƙofar masallaci ranar Juma'a, kowa ya ci ya sa mata albarka. Iyayenmu sun rasu ba su sake ganinta ba. Ni kaɗai na rage mata, don haka gidana ta sauka, na kwashe buhunan dawa na ba ta ɗakin.

Wallahi ban taɓa zama da mutum mai cin rai irin Yaya ba. Ba faɗa take ba, da ma faɗan ne da sauƙi. Shiru take.

"Yaya, a ina kika zauna duk shekarun nan?"

"A gida."

"Gidan wa?"

"Gidan mutane, Auta."

Shi ke nan an gama hira. Ni da gemuna da 'ya'ya huɗu, sai ta ce min Auta ta juya ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Ga wasu halaye da ta zo da su. Ba ta zama kusa da taga. In tarakta ta wuce ta bayan katanga sai ta miƙe tsaye ta gyara ɗankwali, kamar mai jiran baƙo. Abin da ya fi ba matata haushi shi ne ɗanɗane. Duk kwanon da za a kawo min, sai Yaya ta tare shi, ta ci loma ɗaya, ta ɗan jira, sannan ta ce a kai. Matata ta yi kuka ta ce ana zarginta da sa wa mijinta magani. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Yaya ta ce, "Yi haƙuri, sabo ne." Washegari ta sake.

A gari kuwa an riga an yanke mata hukunci. Mace ta yi shekaru a bariki ba miji, ta dawo hannu ba kanta, fata sumul, ai kowa ya san abin da zai ce. Ba a faɗa a gabana, amma in na iso majalisa sai a canja zance zuwa takin zamani. Ni a ganina maganin abin ɗaya ne, ta yi aure a rufe bakin kowa. Kuma manema sun zo. Na ƙarshensu shi ne mai buɗe mana ruwa a kanal, dattijo mai hankali, matarsa ta rasu. Ranar ruwanmu in yana jera min bututu a bakin magudanar ruwan gonata sai ya ce, "Yaya mutanen gida?" ya sunkuyar da kai kamar saurayi. Na samu Yaya da maganar ya fi sau goma.

"Ba zai yiwu ba, Auta."

"Me ya sa?"

"Ba zai yiwu ba dai."

Haba! Shekara biyu muna wannan. Ran nan na ce mata ko ta faɗi dalili ko in sa rana da kaina bayan an sussuke alkama. Ta dube ni ta ce kada in ɗaukar wa kaina zunubi. Na fita ina huci, na taka kunyar tumatir ɗina da kaina don baƙin ciki.

Ana cikin girbin alkamar ne, wata Laraba bayan la'asar, muna zaune a gindin tsamiyar ƙofar gidana muna jin labaran duniya. Sai rediyo ta ce sojoji sun kashe shugaban wata ƙasa. Ba zan faɗi sunansa ba, ko sunan ƙasar. Soja ne da ya daɗe yana yaƙi da mutanensa, mun sha jin an ƙone ƙauyuka da umarninsa, an kwashe malamai ba a sake ganinsu ba. Majalisa ta kaure. Wani ya ce Allah ya ƙara nauyin ƙasa. Ni ma na ce amin, da ƙarfi kuwa.

Da na shiga gida na tarar da Yaya a tsakar gida tana tsefe kitso. Ta cire 'yan kunne da awarwaro ta ɗora a kan faifai, ta wanke kwallin idonta. Katangarmu gajera ce, duk ta ji.

Ta ce, "Auta, takaba ta hau kaina daga yau."

Na ɗauka taɓuwa ce. Na ce takabar wa, mijinki da ya rasu tun ina saurayi? Sai ta jawo akwatin nan da ba ta taɓa buɗewa a gabanmu ba. Ba zinariya, ba komai, hotuna ne. Ga ta a kan kujera, ga ta a gindin mangwaro cikin wata doguwar katanga, ga ta riƙe da kyanwa. Ko'ina ita kaɗai. Ta zaro ɗaya ta nuna min ƙasan hoton, inda inuwar mai ɗauka ta faɗo a kan yashi, da hular soja.

"Shi ne, wanda aka kashe ɗin nan," ta ce. "Ba ya yarda a ɗauke mu tare."

Na zauna a kan turmi. Ta ba ni labarin a gajarce, kamar mai karanta takardar asibiti. Abinci take sayarwa kusa da barikinsu tun yana ƙaramin hafsa. Da ya hau mulki ya sa aka ɗaura musu aure a cikin ɗaki, limamin bariki ya yi mata walicci, masu gadi biyu suka shaida. Ya ce kada kowa ya sani sai an gama yaƙi, don baƙuwa ce, mutanensa ba za su so ba. Shekara tara tana bayan katangar nan. In manyan baƙi suka zo sai a kulle ta ta baya. In zai ci abinci ita ke fara ci. Da abubuwa suka rikice ya sa aka fito da ita kan iyaka, ya ce ta jira zai aiko. Bai sake ta ba, bai aiko ba.

Na yi tsalle na miƙe. Na ce aure? Wane irin aure ne ɗan'uwanki bai sani ba? Wa ya ci goronsa?

"Kai ka ci," in ji ta. "Wata uku ina roƙonsa kafin ya yarda a kawo maka. Ya ce goro kawai, ban da magana."

Ashe duk garin nan mun ci goron auren Yaya, har da masu zaginta, har da liman.

Na ce, "Kin san abin da yake yi wa mutane?"

"Na san ba ya shan kunu da sukari. Na san yana tsoron allura. Sauran a rediyo na ji, kamar ku."

"Kuma kika zauna?"

"Ƙofar ta waje ake kulle ta, Auta."

Har yau amsar nan ba ta ishe ni ba. Na so ta tsine masa, ko ta yi kuka ta ce tana sonsa, in san inda zan ajiye ta a raina. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗaura tsohon zani ta shiga ɗaki.

Wata huɗu da kwana goma ta yi, ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba ta leƙa ko zaure. Ba wanda ya zo mata gaisuwa, don ni na ce wa mutane ciwon ƙafa take. Mai buɗe ruwa har man zafi ya aiko mata daga kasuwar Bunkure. Na karɓa na yi godiya, kunya kamar in nutse. Na hana matata faɗa wa ko uwarta. Ina zan sa kaina a ce surukin wannan azzalumi ne ni, ni da na fi kowa ɗaga murya wajen amin?

Ranar fita takaba ta faɗo Juma'a, damina ta riga ta sauka. Yaya ta yi wanka, ta yi kitso, ita da matata suka soya waina cike da ƙwarya biyu ta sadaka. Da zan ɗauka ta riƙe gefen ƙwaryar.

"Abu ɗaya nake roƙonka. In liman ya tambaya, ka ce ta mijin yayarka ce. Ba sai ka faɗi suna ba. Su dai san da aure na zauna."

Na ce to. Har ga Allah da niyyar faɗa na fita. Aka idar da salla, na ajiye ƙore a daidai inda na taɓa raba goron nan. Mutanen ma kusan su ne. Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Sadakar wa za mu yi wa addu'a?" Na ga 'yan majalisa sun zuba min ido, ga mai buɗe ruwa a gefe yana murmushi.

Na ce, "Ta iyayenmu ce, malam."

Aka shafa, aka cinye wainar tas.

Na tarar da ita a zaure, karo na farko da ta fito tun girbin alkama, ta sa kwalli, ta yafa mayafinta mai kyau, tana jiran masu shigowa yi mata barka. Ta dubi bayana, ba kowa. Ba ta tambaye ni ba, ta karɓi ƙoren ta haɗa su.

"Shi ya ɓoye ni ya ce saboda yaƙi," ta ce. "Kai fa, Auta, saboda me?"

Ta wuce ciki ta ninke mayafin ta mayar akwati. Da aka kawo min tuwo ran nan, ba ta tare kwanon ba.