Kwaɗo da Gaisuwar Juma'a

A falona na Ketaren Gwari akwai wani ɗan tebur da har yau ba na yarda a ɗora masa ko da kofin shayi. A kansa wayar girke take zaune, baƙa, mai nauyi, irin wadda ake zura yatsa a juya faifan lambobinta. Ta daɗe da mutuwa. Jikokina kan tsaya su yi mata kallon kayan tarihi, sa'an nan su koma ga 'yan madubban da ke hannunsu, inda suke gaida iyayensu da hoton babban yatsa. Wanda bai san darajar gaisuwa ba, ina zai san darajar abin da aka yi ta da shi?

Sai da na yi sintiri ofishin waya har takalmina ya haddace hanya kafin a ja mini layin nan, kuma saboda mutum ɗaya na jure: Yayata. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Aure ya kai ta Bida, ta zauna cikin Nufawa har ta ɗauki ladabinsu ta ɗora bisa namu. Wanda ya san gaisuwar Bahaushe, ya kuma san ta Banufe, to ya haɗa su a baki ɗaya ya ga tsawon da za ta yi. Ba ta da waya, amma maƙwabcinta, wani dattijo maƙerin tagulla, yana da ita. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ta yafa mayafinta ta je zaurensa ta zauna, ni kuwa in juya faifai daga Minna.

Gaisuwar nan tana da tsari. Maigidan nake fara gaisarwa, domin ba a shiga gidan mutum, ko ta waya ce, a wuce shi kamar turke. In tambaye shi aiki, ya tambaye ni gajiya, kana ya miƙa mata. Sai in ji ta ce, "Auta, kai ne?" Ni da furfura ta game gemuna, na kuma ajiye aikin gwamnati da mutuncina. Ta tambayi kwana, ta tambayi maiɗakina, ta bi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ta gangaro kan jikoki, ta tambayi ƙafata mai ciwo, ta tambayi ruwa, har itacen mangwaron tsakar gida ba ta tsallake shi. In ta kai aya, ni kuma in ɗauko nawa daga farko. Kuma ƙa'ida ce tun kaka da kakanni, ƙarami ba ya sallamar babba. Sai ta ce, "To Auta, Allah ya yi maka albarka," sa'an nan in ajiye kan waya.

Ana nan, sai masu waya suka ɗauki halin ƙara kuɗi. Wata ya zo, takardar biyan kuɗi ta zo ta fi ta baya ƙiba. Wani watan ta fi haka. Har a damina, lokacin da layi kan mutu da zarar an yi tsawa, takardar ba ta taɓa yin rama ba. Da abin ya soma cin fanshona ta tsakiya, na sa babbar riga na tafi ofishinsu. Na tarar da wani akawu yana taunar cingam, bai ko ɗaga kai ba.

"Baba, ai an ƙara kuɗin minti ne. Kiran nesa kuma ya fi tsada. Ku rage hira."

Na ce, "Samari, ni ba na hira a waya. Gaisuwa nake yi."

"To a rage gaisuwar. In wata ya cika ba a biya ba, mu dai yankewa za mu yi."

Na dube shi, na tuna zamanin da akawu kan miƙe tsaye in dattijo ya shigo, na juya na fita. Amma maganar yankewar nan ta biyo ni har gida, domin in aka yanke layi, Yaya za ta je zauren mutane ranar Juma'a ta zauna jiran ƙarar da ba za ta zo ba.

Maiɗakina ce ta kawo shawarar kwaɗo. Ta ce, "Malam, kai kana gaisuwa sau ɗaya a mako, unguwa kuwa tana kasuwanci da wayarka kullum." Gaskiya ta faɗa. Akwai wani maƙwabcinmu ɗan kwangila da kan shigo da sallama mai zaƙi, ya ce minti ɗaya kacal, sai ka ji shi yana ciniki da mutanen Ikko har shayina ya huce. Na aika kasuwa aka sayo ɗan ƙaramin kwaɗo, na datse shi a ramin faifan, na ɗaure mabuɗin a jikin carbina. Washegari ɗan kwangila ya shigo, ya miƙa hannu, ya tsaya.

"Haba Alhaji, har da kwaɗo? Ba a san gidan nan da rowa ba."

Na ce, "Maganin dogon yatsa ne, likita ya rubuta mini."

Tun daga ranar ya daina gaishe ni a hanya, na kuwa gane ashe can ma wayar yake gaisarwa.

Takarda ta ɗan rame, amma ba ta sauko inda fansho zai iya kallonta ido da ido ba. A nan ne babban ɗana, wanda ke koyarwa a jami'a can Bosso, ya ga ƙofar nuna iliminsa. Ya zo ya baje takardun a tabarma yana bin su da biro kamar mai duba jarrabawa.

"Baba, kwaɗo ya yi aikinsa. Abin da ya rage kiran Juma'a ne. Kai da Gwaggo kuna maimaita tambaya ɗaya ne kowane mako. Lafiya? Lafiya. Shi ke nan, minti biyu sun isa."

Na ce, "Wadda ta goya ubanka za a gaisar da agogo a hannu?"

"Baba, ai ko Turawan da suka ƙera wayar ba haka suke yi ba."

"Turawan suna da yaya a Bida?"

Ya yi 'yar dariyar nan ta masu digiri, wadda ke nufin tsoho ya tsufa. Na bar shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Wata Juma'a aka sa ni waliccin aure a Paiko, na san ba zan dawo ba sai bayan la'asar. Don kada Yaya ta yi zaman banza, na kwance mabuɗin daga carbi na ba malamin jami'a, na ce ya kira ya gaishe ta a madadina. Da na dawo maiɗakina ta ba ni labari tana riƙe da haɓa. Wai ɗan nawa ya tuɓe agogonsa ya ajiye kusa da waya. Da maƙerin tagulla ya ɗauka, ko gaisuwa babu, sai yaron ya ce masa, "Baba, a ba ni Gwaggo." Da ta karɓa ya ce, "Gwaggo ina wuni, kowa lafiya ƙalau, Baba ya je ɗaurin aure, sai wani makon." Ƙit, ya ajiye. Ko albarkar ba a kai ga sa masa ba. Na zabura zan sake kira, na tarar ruwan da aka yi da yamma ya kashe layin kamar yadda ya saba.

Ranar Asabar da hantsi ina ƙarƙashin mangwaro ina karanta jarida, sai na ji tasi ta tsaya a ƙofar gida. Yaya ce ta shigo tana dogara sanda, direba na biye da ƙullin kayanta da tabarmarta, irin shirin da mace ke yi in za ta zaman makoki. Tsohuwar da gwiwa ke hana ta zuwa kasuwar unguwarsu, ita ce ta sha jijjigar hanyar Bida. Ba ta amsa sannu da zuwan kowa ba. Ta zo ta shafa fuskata da hannu biyu.

"Auta, wa ya rasu?"

"Babu kowa, Yaya."

"To wa ke asibiti? Kada ka ɓoye mini, na girmi ɓoyo."

Sai da aka fito mata da mutanen gida ta gan su da idonta, aka rantse mata a kan na nesa, kana ta zauna ta fashe da kuka. Ta ce ita da maƙerin tagulla sun juya maganar ta kowace fuska, suka ga babu mai cewa kowa lafiya da irin wannan sauri sai wanda ke danne mugun labari a ƙarƙashin harshe. Dattijon ma har ya soma yi mata nasihar haƙuri.

Na aika Bosso aka kirawo malamin jami'a. Ya durƙusa, ya soma bayanin kuɗin minti da kiran nesa. Ta bar shi ya kai ƙarshe.

"Kai ne aka ba 'ya'yan mutane kana karantarwa?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Allah ya jiƙan 'ya'yan mutane. Tashi ka biya mai tasi, yana waje."

Shi ya biya tasi. Shi ya sayi maganin gwiwar da hanya ta tayar, da turmin atamfa na ban haƙuri, da kajin da aka yanka mata, da kuɗin motar komawa. Ban tambaye shi ko ya baje wannan lissafin a tabarma ba. Garin gyaran gira ya tsone ido, kuma idon nasa ne.

Ranar da za ta koma ta kira ni gefe. Ta ce, "Auta, in kuɗin nan ya fi ƙarfinka, ka bari su cire abarsu. In na ji shiru, na san babu ce, kuma babu ba baƙuwarmu ba ce. Amma guntuwar gaisuwa ban san sunanta ba, kada a sake aiko mini da ita."

Tana tafiya na soma tsimi. Na sallami mai kawo mini jarida, wadda dama ƙaryar cikinta ta fi labarin yawa. Na jingine motata a rumfa na koma zuwa masallaci da ƙafa, ƙafar ma ta ji daɗin haka. Wata na cika na tafi ofishin waya na ajiye musu kuɗinsu cif a gaban mai cingam. Ya ƙirga, ya ɗago kai karo na farko.

"Baba, an rage gaisuwar ke nan?"

Na ce, "An ƙara. Rubuta mini rasit."

Mabuɗin ya koma jikin carbina, bai kuma sake shiga hannun mai digiri ba har ranar da layin ya yi mutuwar da bai farfaɗo ba. Juma'ar da ta biyo bayan komawarta, na sauko daga masallaci, na buɗe kwaɗo, na juya faifai. Na gaida maƙerin tagulla har sai da na biya bashin gaisuwar da aka ci masa. Ya miƙa mata. Ta tambayi kwana, ta bi 'ya'ya da jikoki, ta tambayi ƙafa, ta tambayi mangwaro. Na ɗauka ta kai aya, na buɗe baki zan ɗauko nawa, sai ta ce, "Dakata, Auta, ban gama ba. Ina malamin jami'a? Yaya agogonsa, ya kwana lafiya?"