Tsokar da Rakiyatu ta hana a bizne

Wai kun taɓa ganin mace ta ƙwato naman jikinta daga bakin rami? To Rakiyatu ta yi, nan unguwar Gataa El Oued! 'Yar Maradi ce, mai tuwo bakin wurin gini, duk magina sun san bakinta, ka ce miya ta yi kaɗan ta ce je ka ci siminti. Ita kaɗai ta riƙe ɗiyanta tun rasuwar mijinta, ba ta san kwanciya ba sai da ƙulli ya fito mata a nono, likita ta ce kansa ce, aka yanke.

Ranar sallama daga asibiti aka miƙa wa yayanta Illo kwalba, tsokar na ciki cikin ruwan magani, a kai labo, ɗakin gwaje-gwaje, can birnin Alje. Likita ta ce kansar kowa da irinta, za su karanta ƙwayoyin halittar tsokar su ga waɗanne ne suka tashi suna hura ciwon, sai a ba ta maganin da zai same su daidai, ba lalube ba. Illo ya ce to, to, amma shi abin da ya sani tun gida, abin da aka yanke jikin mutum biznewa ake. Ya samo farin ƙyalle ya naɗe kwalba ya zagaya bayan ɗaki da shebur.

Rakiyatu na kwance ta ji ana sara ƙasa. Ta tashi, ɗinki na janta, tana dafa bango.

"Yaya, me kake ginawa?"

"Koma ki kwanta. Naman musulma ne, ba za a yi yawo da shi cikin mota kamar kilishi ba."

"Musulmar ga ta tsaye! In ka bizne wannan to ka faɗaɗa ramin, saura na zuwa."

"Rakiya, ki ji tsoron Allah."

"Ina ji. Su gama karatunsu tukun, abin da ya rage ka bizne."

Ta fizge kwalbar ta cusa cikin zane. Illo ya yi tsaye da shebur yana cewa kai, yarinyar nan tun tana rarrafe haka take. Da safe shi da kansa ya hau babbar mota, kwalba a cinya har Alje.

Sakamako ya zo, irin nata akwai maganinsa. Yanzu tana karɓa, ta rame, ba ta warke ba tukuna amma wallahi kokawa take.

Don Allah ku tura wa 'yan gida, kar wani ya bizne nasa kafin a duba.