Uku Ta Koma Biyar

A ɗakin jiran mota, tsohon tela yana kallon matar da ke gefensa. Kwamfuta na kan cinyarta, biro soke a ɗankwali, tana bin layuka da yatsa kamar mai duba ɗinki.

"Ƴata, me ake rubutawa haka?"

"Umarni ne ga injinan makarantarmu, Baba. Na ce su kunna shafinmu na intanet kwafi uku, in ɗaya ya faɗi su ta da wani. Gobe sakamakon jarrabawa zai fito, ɗalibai za su yi masa caa."

Ta yi jim, ta goge uku ta sa biyar, ta yi murmushi.

Tela ya gyaɗa kai. Wannan ƴar fari ce, ko tantama babu. Ta saba ɗora tukunya da rabon baƙo.